Shin Karen Bigul Zai Iya Farautar Zomo a Ƙasar Jos?

Manomin Lamingo ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina noman rani a wani fili da ke kusa da madatsar ruwa ta Lamingo, inda nake shuka kabeji da latas da karas, kuma tun da muka yi dashen bana zomayen daji suke shigowa da dare suna yanke shukar tun tana ƙarama, har ta kai wasu kunyoyin sai da aka sake dasa su. Wani abokin cinikina da ke Abuja, wanda karyarsa ta haihu kwanan nan, ya ji kukana ya ce zai ba ni kwikwiyo ɗaya kyauta. Ya ce irin karen nan ne da ake kira Bigul, gajere mai dogayen kunnuwa, kuma wai tun zamanin da can an san shi da bin sawun zomo da hanci.

Ban taɓa riƙe karen waje ba, shi ya sa nake neman shawarar waɗanda suka sani kafin in karɓa. Shin gaskiya ne cewa tsohon iri ne da aka tanada domin zomo, kuma zai iya wannan aikin a ƙasa irin tamu mai duwatsu da ƙurar hunturu? Ina kuma so in ji matsayin addini game da ajiye shi da cin abin da ya kama, domin ba na son in magance ɓarnar lambu ta hanyar da za ta rage mini lada.

Malamin Tarihi, Abuja, ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Abokinka ya faɗi gaskiya a kan aikin karen, amma maganar tsufan irin tana buƙatar a ɗan warware ta. Abin da ya tsufa ƙwarai shi ne sana'ar bin zomo da karnuka masu aiki da hanci. Wani marubuci ɗan ƙasar Girka mai suna Zenofon, wanda aka haifa wajen shekara 430 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, ya rubuta ɗan littafi a kan farauta da karnuka, kuma mafi yawansa a kan zomo ne. Ya bayyana yadda ake kafa raga a hanyoyin da zomo ke bi, a saki karnuka su shinshino makwancinsa su tayar da shi, mafarauci kuwa yana biye da su a ƙafa da kulki a hannu. Har yau a Girka akwai wani kare baƙi mai ja-ja a ƙafafu da fuska da ake farautar zomo da shi, a Italiya ma akwai nasu mai suna Segujo, kuma mutanen ƙasashen biyu suna danganta karnukan nan da waccan tsohuwar al'ada.

Shi Bigul a Ingila ya girma. An daɗe ana kiran ƙananan karnukan farauta da wannan suna a can, har ana ba da labarin cewa Sarauniya Elizabet ta Farko ta riƙe wasu ƙanana ƙwarai daga cikinsu, amma siffar da muke gani yanzu ta samo tushe ne daga garken da wani limamin coci mai suna Phillip Honeywood ya tara a yankin Essex a shekarun 1830. Ƙungiyar masu kiwon karnuka ta Amurka ta karɓi irin a 1885, aka kafa ƙungiyar masu Bigul a Ingila a 1890. Ke nan sana'ar ta haura shekara dubu biyu, irin karen kuwa a yadda yake yau bai cika shekara ɗari biyu ba. Yana da ɗan'uwa mai suna Hariya wanda ya fi shi tsayi da sauri, shi ma na zomo ne, kuma ana ambaton garkensa na farko a Ingila tun 1260.

Abin da ya kamata ka fahimta kafin ka karɓa shi ne dalilin da ya sa aka bar shi gajere. Tsayinsa a kafaɗa bai wuce santimita 33 zuwa 40 ba, kuma an zaɓi hakan ne domin mutumin da ba shi da doki ya iya bin sa a ƙafa. Ba a yi shi don ya riski zomo da gudu ba, domin zomon dajin Turai yana iya kaiwa kilomita 70 a awa, babu Bigul ɗin da zai kusanci wannan. Aikinsa naci ne. Yana sa hanci a ƙasa ya bi warin da ƙafar zomo ta bari, yana tafe yana wani dogon kuka da ke sanar da mafarauci inda yake, kuma farin da ke ƙarshen wutsiyarsa yana taimakawa a hango shi cikin ciyawa. Zomo kuwa ba ya son barin yankin da ya sani, saboda haka yakan yi babban zagaye ya dawo kusa da inda aka tayar da shi, wani lokaci ya koma ta kan sawunsa sannan ya yi tsalle gefe don ya ɓatar da mai binsa. Karnukan sukan tsaya su warware wannan ƙulli, su ci gaba, har zomon ya gaji ko ya faɗa wurin mai jira. A Ingila garke guda ake saki, ba kare ɗaya ba, kuma tun da dokar farauta ta 2004 ta fara aiki a 2005 an hana farautar zomon daji da karnuka a Ingila da Wales. A Amurka kuwa, a 1984 ma'aikatar noma ta fara amfani da Bigul a filayen jirgin sama yana gano nama da 'ya'yan itatuwa a jakunkunan matafiya, wanda hakan shaida ce ta ƙarfin hancinsa.

Wani abu guda da Zenofon ya lura da shi zai shafe ka kai tsaye, wato cewa idan ƙasa ta yi zafi ta bushe, warin sawu yakan yi rauni ya ɓace da wuri. A kan wannan zan bar wa mafarautanmu su yi bayani, domin sun fi ni sanin dajin Filato.

Tsohon Mafarauci, Nasarawa Gwong, ya amsa:

Ɗana, na karanta tambayarka da amsar Malam, kuma ina so ka saurare ni da kyau, domin wurin da ya tsaya nan ne maganar take. Farautarmu ta Hausa ta rani ce. Sai an kawar da amfanin gona, ciyawa ta bushe, sannan a buga gangi a fita da gora da barandami da karnuka, a yi sahu a kutsa daji. A irin wannan farauta jama'a ne suke tayar da zomo da hayaniya, karnuka kuma su gan shi da ido su bi shi da gudu, mai gora ya tare shi. Karenmu na gida, siriri mai dogayen ƙafafu da tsayayyun kunnuwa, domin wannan ya dace, kuma yana jure ƙishi da zafin ƙasa da kaska fiye da duk wani karen da za a kawo daga waje. Abzinawa ma, da suke zaune inda ƙasa ta fi tamu bushewa, karensu na farauta dogo ne mai aiki da ido da gudu, ba mai sunkuyar da kai yana shinshina ba. Wannan ba haka kawai ya faru ba, yanayin ƙasa ne ya zaɓar wa kowa karensa.

Kare mai bin wari yana buƙatar laima. Wari yana kama ciyawa mai ɗanye da ƙasa mai sanyi, ya zauna a kansu na ɗan lokaci, amma idan iskar hunturu ta taso daga Disamba zuwa Fabrairu, ƙasa ta zama gari, hazo ya cika sama, sawun da zomo ya bari da asuba ba ya kaiwa hantsi. Ƙura ma tana busar da hancin karen kansa. A kan fa kuwa, wato shimfiɗaɗɗen dutse irin wanda ya cika wajen Shere da Lamingo, wari ba ya zama da zarar rana ta taɓa shi, kuma zomon nan ya san haka, domin sau da yawa idan an matsa masa dutse yake hawa ya sauka ta wani ɓangare.

Duk da haka ba zan ce maka karen ba zai yi amfani ba, domin Jos ba Kano ba ce. Muna kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, damina tana kai mu Oktoba, kuma daga ƙarshen Satumba zuwa Nuwamba akwai safiyoyi masu sanyi da raɓa waɗanda kare mai hanci zai yi aiki a cikinsu yadda ya kamata. Ko cikin rani, bakin fadama da gefen tafkunan da haƙar kuza ta bari, da lambunan da ake yi wa ban ruwa irin naka, suna riƙe laima da sassafe. Idan ka fita da shi bayan sallar asuba, ya ɗauki sawu daga cikin kabejin, zai iya kai ka har makwancin zomon, domin zomon daji ba ya haƙa rami kamar na gida, yana lafewa ne a ƙarƙashin ciyawa ko gindin wani ɗan kurmi, kuma galibi ba ya nisa da inda yake kiwo. Wannan shi ne abin da karenmu na gida bai ƙware a kansa ba, yakan wuce zomo a kwance bai sani ba. Saboda haka idan da ni ne, haɗa su zan yi: mai hanci ya tayar, mai gudu ya kama.

Amma kada ka ɗauka cewa hakan zai tsare maka lambu. Zomo da dare yake ɓarna, kuma idan ka saki wannan kare da dare ba zai zauna gadi ba, zai ɗauki wari ya bi shi har gonar wani, ko ya faɗa cikin garken tumakin makiyaya, ka wayi gari da rigimar da ta fi ta kabeji. Ka san yadda zaman Filato yake, ba a shiga filin mutane da kare sai da sanin mai fili da mai unguwa, kuma ba a kusantar gandun namun daji na Jos da sunan farauta. Maganin dashenka ragar waya ce mai ƙananan idanu, wadda tsayinta ya kai mita ɗaya, a danne gindinta da ƙasa da duwatsu don kada a bi ta ƙarƙashi.

Likitar Dabbobi, Bukuru, ta amsa:

Malam, na goyi bayan Baba a kan batun waya, zan ƙara ne a kan lafiyar karen, domin a nan yawancin 'yan kwikwiyon waje suke mutuwa kafin su kai shekara. Kada ka raba shi da uwarsa kafin ya cika mako takwas, kuma ka karɓi katin rigakafinsa tare da shi. Allurar farko ta haɗin cututtuka, wadda ke kare shi daga cutar fabo mai sa amai da gudawar jini, ana yin ta ne tsakanin mako shida zuwa takwas, a riƙa maimaitawa bayan kowane mako uku ko huɗu har ya kai kusan wata huɗu, kuma kafin a kammala bai kamata ya taka inda karnukan unguwa ke yawo ba. Allurar haukan kare ana yin ta yana da wata uku, sannan a sabunta kowace shekara. Mu a nan muna da sauƙi, domin Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, wadda aka kafa a 1924, tana kusa da mu kuma tana cikin masu sarrafa wannan rigakafi. Duk wanda kare ya ciza, ko da na gida ne, ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15 sannan ya tafi asibiti a ranar, domin cutar ba ta da magani idan alamunta suka bayyana.

Kunnuwan nan da suke ba shi kyau su ne rauninsa. Suna rufe ramin kunne, iska ba ta shiga, sai laima ta taru ta jawo ciwo, kuma ƙarangiya da kaska suna maƙalewa a ciki, don haka a duba su a share duk lokacin da aka dawo daga daji. Kaska tana sa masa zazzaɓin da ke cinye jini, wanda ya fi tsanani ga karen da iyayensa ba su saba da ƙasarmu ba. Idan ka ga dasashinsa ya yi fari ko fitsarinsa ya yi duhu, kada ka jira. Kare mai tafiya da hanci a ƙasa ya fi kowa haɗuwa da maciji a fuska, musamman idan ka gangara da shi wajen Langtang ko Shendam inda kububuwa ta yi yawa.

Sanyin Jos zai yi masa daɗi fiye da zafin Abuja. Yana rayuwa shekara 12 zuwa 15, yana da ci ƙwarai, kuma idan ba ya samun gudu kullum zai yi ƙiba ya daina aiki. Ba ya son kaɗaici, domin an saba da shi cikin garke, kuma idan aka ɗaure shi shi kaɗai zai cika unguwa da kuka. Mai gadi ne marar amfani, domin yana sakin jiki da kowa.

Ɗalibin Fiƙihu, Anguwar Rogo, ya amsa:

Ɗan'uwa, Allah ya saka maka da alheri da ka tambaya kafin ka aikata. Naman zomo halal ne a mazhabobi huɗu, kuma hadisin Anas ɗan Malik da ke cikin Bukhari da Muslim ya nuna cewa sun kama zomo a Marruz Zahran, Abu Ɗalha ya yanka ya aika wa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, da cinyarsa, ya karɓa. Farauta da kare mai horo kuma Alƙur'ani ya halatta ta a aya ta 4 ta Suratul Ma'ida. Hadisin da ya ce ladan mai ajiye kare yana raguwa kowace rana ya cire karen farauta da na kiwo da na gona, kai kuwa buƙatarka ta haɗa biyu daga cikinsu. Sai dai mai Risala, Ibn Abi Zaid, ya faɗi cewa ana riƙe karen farauta ne don neman abinci ba don wasa ba, kuma farauta don nishaɗi kawai makaruhi ce. Mafi dacewa ka yi masa wurin kwana a lambun, ba cikin gida ba, da kwanonsa daban, kuma idan ya sha a ƙwaryar mutane a wanke ta sau bakwai. Da yake kyauta aka ba ka, ka fita daga saɓanin malamai a kan cinikin kare.

Inda nake so ka kula shi ne sharuɗɗan cin abin da ya kama, domin halin karen da Malam da Baba suka bayyana yana taɓa su. Dole ya zama mai horo, wanda idan an tura shi yake tafiya, kuma kai ne za ka sake shi da niyyar farauta kana mai ambaton sunan Allah. Idan ya tafi da kansa ya kashe zomo ya kawo, ba a ci. Idan ka riski zomon da sauran rai, sai ka yanka, don haka wuƙarka ta kasance a jikinka, kuma a wurin malaman Malikiyya wanda ya yi sakaci wajen bin karensa har abin ya mutu, alhali da ya hanzarta zai iya yankawa, ba zai ci ba. Haka nan idan ka samu wani karen da ba kai ka tura ba a kan abin, ba ka san wanda ya kashe ba, hadisin Adiyyu ɗan Hatim ya hana ci. Shawarar Baba ta haɗa karnuka biyu ba ta da matsala matuƙar dukansu masu horo ne kuma kai ka sake su da bisimilla. Idan karen ya ci wani abu daga naman, Imam Malik yana ganin halaccin sauran, mafi yawan malamai kuwa suna hanawa.

Manomin Lamingo ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Zan fara da wayar tun wannan makon, kuma zan karɓi kwikwiyon idan ya cika mako takwas. Baba, saura abu ɗaya: tunda an ce idan ya ɗauki wari ba ya jin kira, ta yaya zan hore shi har ya cika sharaɗin horo da Ɗalibin Fiƙihu ya faɗa?

Tsohon Mafarauci, Nasarawa Gwong, ya amsa:

Ɗana, kiran za ka fara koya masa kafin ya san warin zomo, domin idan ya riga ya ɗanɗani daɗin bin sawu, jan hankalinsa zai yi wuya. Ka sa masa gajeren suna mai sauƙin kira, ka zama kai kaɗai ke ba shi abinci, kuma kada ka ajiye kwanon sai ka kira shi ya zo, ko da suna ko da usur. Tunda Likita ta ce yana da ci, wannan shi ne igiyarka a kansa: ka riƙe ɗan busasshen nama a aljihu, duk lokacin da ya amsa kira ka ba shi, kuma kada ka taɓa dukansa bayan ya dawo, ko da ya daɗe, domin zai ɗauka dawowar ce laifi.

Idan ya kai wata huɗu zuwa biyar kuma an gama alluransa, ka samu fatar zomo ka ɗaura a igiya, ka ja ta a kan ciyawa mai raɓa inda bai gani ba, da farko taku kaɗan a miƙe, daga baya ka riƙa lanƙwasawa kana tsallake wuri, ka ɓoye ta a ƙarshe tare da ladansa. Ka koya masa ya sakar maka fatar a hannu ka musanya masa da nama, ta haka zai saba barin abin da ya kama. A wannan lokacin ne kuma za ka riƙa wucewa da shi kusa da tumaki da kaji a ɗaure, kana tsawata masa da zarar ya nuna sha'awa. Kada ka kai shi daji na sosai sai ya kai wata takwas zuwa goma, kuma fitowar farko ka bar doguwar igiya a wuyansa tana ja a ƙasa don ka iya take ta. Idan ka karɓe shi cikin wannan rani, lissafin zai kai ka ƙarshen damina, lokacin da ƙasa ke riƙe wari, sai ka fara da gefen lambunka da sassafe kafin rana ta busar da raɓa.